Daga Tsagar Agana zuwa Ɗigon Shan Inna: Tarihin Rigakafi a Gombe da Arewa

Tun kafin a san akwai wata halitta mai suna ƙwayar cuta, mutane sun lura cewa wasu cututtukan ba sa kama mutum sau biyu. Wanda agana ta kwantar ya tashi, ko da ta cika masa fuska da zanzana, sun rabu ke nan har abada. Masanin tarihin Girka, Tusididis, ya rubuta cewa a annobar da ta afka wa birnin Atina a shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda suka warke su ne masu jinya, don an ga ciwon ba ya komowa ya kashe wanda ya taɓa kayarwa. A farkon ƙarni na 10, likita Abubakar al-Razi, wanda ya jagoranci asibiti a Bagadaza, ya rubuta littafin da ya rarrabe agana da ƙyanda. Tsofaffinmu ma ba su jira littafi ba. Kaka takan rungume jikanta mai baƙon dauro ba tare da fargaba ba, domin ta san ta yi nata tun tana ƙarama.

Dalilin hakan ne ya gagari kowa. A ƙasar Hausa an cike gurbin da bayanin iskoki. Masu bori suna cewa wata iska da ake kira Inna ce ke shanye ƙafar yaro idan an saɓa mata, shi ya sa akan nufi gidan boka da yaron da ya wayi gari ƙafa ta saki. Wannan abin da ake faɗa ne, kuma har yau da sauransa a bakin mutane. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne agana takan yi tashe da rani, lokacin da fatake da 'yan ci-rani ke kai da komo, kuma a mummunar shekara tana iya kashe ɗaya cikin mutum uku ko huɗu da ta kama, ta makantar da wasu.

Zamanin tsaga: 1721 zuwa 1851

Dabarar farko ta kare kai daga agana tsaga ce. Akan nemi wanda ciwonsa ya zo da sauƙi, a lakato mugunyar ƙurjinsa, a tsaga fatar hannun mai lafiya a shafa. Wanda aka yi wa zai yi zazzaɓi, ƙuraje kaɗan su fito, ya warke. Yanzu mun san cewa agana ta hanci da maƙogwaro take shiga idan ta zo da kanta, ta bazu a jiki kafin ya farga. Idan ta fata aka shigar da ita, takan daɗe tana fama a wuri guda, jiki ya sami kwanakin da zai shirya.

An yi wannan a Sin, an yi a Indiya da Turkiyya, an kuma yi a Afirka. A 1706 aka ba wani malamin coci a Boston ta Amurka, Cotton Mather, kyautar bawa da aka kwaso daga Afirka, ya raɗa masa suna Onesimus. Shi ya nuna wa ubangidansa tabon hannunsa, ya ce a ƙasarsu haka ake yi. Da agana ta shigo Boston a 1721, likita ɗaya, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada, mutanen gari kuwa suka taso masa. Kusan mutum 6,000 suka kamu, 844 suka mutu, wajen ɗaya cikin bakwai ke nan. Cikin fiye da 240 da aka yi wa tsaga, 6 suka rasu.

Kusa da mu, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Margi a 1851 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya rubuta cewa Margi suna yin wannan tsaga. Fulani makiyaya kuma suna da tasu ta shanu. Idan ciwon huhu ya shiga garke, sukan yanki ɗan huhun saniyar da ta mutu su cusa a tsagar da suka yi a kan hancin masu lafiya. Duk mai cewa rigakafi baƙon abu ne da Turawa suka ƙaƙaba mana, ya kamata ya fara tambayar tsofaffin ruga.

Tsaga dai na da haɗari. Ciwo ne na gaske aka sa wa mutum, yana iya kashe shi, yana kuma iya shafa wa 'yan gidansu.

Daga aganar shanu zuwa sanin jini: 1796 zuwa 1965

Ranar 14 ga Mayu 1796 wani likitan karkara a Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin aganar shanu daga hannun wata mai tatsar nono, Sarah Nelmes, ya tsaga wa wani yaro ɗan shekara takwas, James Phipps. Bayan makonni ya sa wa yaron agana ta ainihi, ba ta kama shi ba. Aganar shanu ba ta kashe mutum, amma ta yi kama da ta mutane ƙwarai, har jiki ba ya bambanta su. Jenner ya mutu bai san haka ba. Ya ga abin ya yi aiki ne kawai.

Bayanin ya zo gutsure-gutsure. Louis Pasteur a Faransa ya nuna ana iya raunana ƙwayar cuta da gangan, a 1885 kuma ya ceci wani yaro, Joseph Meister, da mahaukacin kare ya ciza. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, a shekarar kuma Ilya Mechnikov ɗan Rasha ya hango wasu ƙwayoyin jiki suna kewaye baƙon abu suna haɗiye shi. A 1890 Emil von Behring da Kitasato ɗan Japan suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta tsira daga mashaƙo ko sarƙewar haƙora yana ɗauke da wani sinadari mai kashe dafin cutar. Aka shekara da shekaru ana jayayya: ƙwayoyin ne ke kare mu ko ruwan jinin? Ashe dai duka biyun ne. Sai tsakanin 1957 da 1965, da aikin Macfarlane Burnet da Jacques Miller da Max Cooper, aka haɗa bayanin wuri guda.

Ga yadda yake. Kariyar farko ita ce fata, da majina, da hawaye, da tsamin ruwan ciki. Ƙwayar da ta tsallake waɗannan sai ta ci karo da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda jama'a ke kira sojojin jiki, ɓargo ne kuma ke samar da su. Rukunin farko ba sa tantancewa, duk baƙo haɗiye shi suke yi. Kumburi da zafi da jan da ake gani a kan miki aikinsu ne, mugunya kuwa yawanci gawarwakinsu ne da na abin da suka kashe. Zazzaɓi ma jiki ne ke hura shi da kansa, don yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zafi.

Rukuni na biyu su ne masu tantancewa, likitoci na kiransu ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Lamarinsu kamar maƙerin da ya ƙera makullai miliyoyi ya rataye, kowane da irin haƙoransa, bai san ƙwadon da za a kawo masa ba. Ranar da aka kawo, sai a yi ta gwadawa har a dace da wanda ya buɗe, daga nan a shiga buga irinsa dubbai. Wannan gwaji a kaluluwa da saifa ake yin sa, shi ya sa kaluluwa ke fitowa a hammata ko matsematsi idan an ji ciwo a hannu ko ƙafa. Ƙwayoyin B na zuba sinadaran kariya a jini, su manne wa ƙwayar cutar su hana ta shiga ƙwayoyin jiki. Wasu ƙwayoyin T na ba da umarni, wasu na kashe ƙwayoyin jikin da cutar ta riga ta shige.

Matsalar ita ce lokaci. A haɗuwar farko aikin yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, sanƙarau kuwa na iya kashe yaro cikin yini guda. Idan an tsira, wasu daga cikin ƙwayoyin da suka dace sukan zauna shekaru, wani lokaci tsawon rai, riƙe da kamannin cutar. Ta sake dawowa, cikin 'yan kwanaki an gama da ita, sau da yawa mutum bai ma sani ba. Rigakafi shi ne a shirya wannan haɗuwar farko ba tare da ciwon ba: a ba jiki ƙwayar da aka raunana, kamar ta ƙyanda da ɗigon shan inna, ko wadda aka kashe, ko ɓallin ɓawonta, ko dafinta da aka karya, kamar na mashaƙo. Ɗan zazzaɓin da jariri ke yi a daren allura, wanda ke sa wasu iyaye rantsuwar ba za su koma ba, alamar aikin ya kankama ne.

Gombe da zamanin En'e: 1804 zuwa 1963

Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin da ya fara a 1804, hedikwatarsa a Gombe Abba. Turawa suka iso a 1902, a 1903 aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama. Aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Gombe Doma a 1919, inda birnin yake yau. Auduga da gyaɗa suka jawo baƙi daga ko'ina, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Garin da ke cika da baƙi kullum yana samun sababbin jikin da cuta ba ta taɓa gani ba, abin da annoba ke nema ke nan.

Lambar agana, wato rigakafin da Jenner ya gano, ta zo hannun ma'aikatan En'e da duba-gari, ba ta kuwa yi farin jini ba. Dalili na farko na kimiyya ne: ruwan maganin ba ya jure zafi, kafin ya iso ƙauyen Arewa sau da yawa ya mutu. A yi wa yaro lamba, baɗi agana ta kama shi, to wa zai ƙara yarda? Na biyu, hukumar da ke yin lambar ita ce mai ƙirga kawuna don haraji da jangali, ita ce mai ɗibar mutane aikin tilas. Ba mamaki a ɓoye yara a rumbu idan an ji isowarsu. Abin lura, makiyayan da cutar bushiya ta share wa garke a shekarun 1890 sun fi kowa saurin gane amfanin allura. An kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a 1924, a 1962 kuma aka fara gangamin yi wa shanu allurar bushiya a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Bafulatani ya ga sakamako da idonsa a garkensa.

Ƙarshen agana: 1966 zuwa 1980

Abu biyu suka sauya lamarin. An koyi busar da maganin ya zama gari mai jure zafi, an kuma zo da wata na'ura mai harba magani cikin fata ba da allura ba, ana taka ta da ƙafa, tana iya yi wa ɗaruruwa cikin awa guda. Da su aka fara gangami a 1967 a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da tallafin Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. A Arewa ta hannun sarakuna aka bi. Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, mai shela ya zaga, jama'a su yi layi a ƙofar fada ko bakin kasuwa. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 a yankin. Dattawan unguwar Hammadu Kafi da sauran unguwannin Gombe da suka haura shekara sittin, da yawansu na ɗauke da tabon wannan zamani a damtse.

Dabarar da ta ƙarasa aikin a duniya ma a Nijeriya aka gwada ta. A Disambar 1966 agana ta ɓulla a yankin Ogoja, likita William Foege kuma ba shi da isasshen magani. Sai ya nemo duk ƙauyen da ciwon yake, ya yi wa 'yan gidan mai ciwo da maƙwabta da kasuwannin da suke ci. Cutar ta rasa jikin da za ta tsallaka, ta mutu a wurin. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, ƙasar na fitowa daga yaƙin basasa. Na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a duniya shi ne Ali Maow Maalin a Somaliya, Oktoba 1977. Ranar 8 ga Mayu 1980 aka ayyana agana ta ƙare.

Ƙyanda, wadda aka haɗa a gangamin, ba ta ƙare ba. Mai ƙyanda ɗaya na iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya, don haka sai an rufe kusan kashi 95 cikin ɗari kafin ta tsaya, kowace shekara kuma ana haifar sababbi. Tana da wata muguntar da ba a tabbatar ba sai kwanan nan: tana kashe ƙwayoyin da ke riƙe da kamannin wasu cututtukan. Shi ya sa yaro kan warke daga baƙon dauro, sannan gudawa ko ciwon haƙarƙari su ɗauke shi bayan wata biyu.

Hawa da gangara: 1979 zuwa 2004

A ƙarshen shekarun 1970 Nijeriya ta shiga shirin rigakafin yara na cututtuka shida: tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora da ƙyanda. Ya yi ƙarfi zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, har alƙaluman hukuma suka kai wajen kashi 80 a 1990. Daga nan kuɗi ya janye, firinji suka lalace, ƙananan asibitoci suka koma kufai. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya samu kashi 13 kacal na yara ne suka kammala allurarsu, Arewa kuma ta fi faɗuwa.

1996 shekara ce da Gombawa ba sa mantawa, don ranar 1 ga Oktoba aka cire jiharsu daga Bauchi. Amma watannin zafin shekarar sun zo da sanƙarau mafi muni a tarihin ƙasar: fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, biyar cikin waɗanda suka sha sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba tsohon. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

A kan wannan miki gangamin shan inna ya sauka. An ƙaddamar da shi a duniya a 1988, lokacin da cutar ke nakasa yara wajen 350,000 a shekara. A 2003 Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ya yi zargin an gurɓata ɗigon da abin hana haihuwa. Yaƙin Iraƙi na ci, zukata a tafashe. Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, da wasu jihohi suka dakatar da ɗigon. Zargin bai tabbata ba, kuma 'yan matan da suka sha ɗigon a wancan lokaci su ne iyayen yaran da suka cika makarantun Arewa yau. Amma akwai tambayar da talaka ya yi wadda ban ga laifinta ba: me ya sa ake bin mu gida-gida da maganin shan inna kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara kullum, asibiti kuma ko farasitamol sai mun saya? An daɗe ba a ba shi amsa ba.

Kano ta koma a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Ɓarnar ta riga ta auku. Yaran da suka shanye a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 1,122 a 2006, ƙwayar kuma ta bi hanyar fatauci da aikin hajji ta koma ƙasashe wajen 20 da suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Saudiyya ta wajabta wa alhazanmu shan ɗigon.

Komawa hannun sarakuna: 2009 zuwa 2020

Gyaran ya bi tsohuwar hanyar 1967. A 2009, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sarakunan Arewa suka kafa kwamitin lafiya a matakin farko. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, masu unguwanni na raka ma'aikata, aka ɗauki matan unguwa da kowa ya san gidajensu, guragun da cutar ta nakasa suka shiga yawon wa'azi da kansu. Aka fara haɗa ɗigon da sabulu da maganin zazzaɓi. An biya farashi: ranar 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe mata tara masu rigakafi a Kano. Duk da haka adadin yaran da suka shanye ya sauko daga 122 a 2012 zuwa 6 a 2014. Huɗu na ƙarshe a Borno aka same su a 2016, daga yankunan da Boko Haram ta rufe. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

To me ya sa har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofa? Ƙwayar ɗigon raunananniya ce amma tana da rai, tana fita ta bayan gida. Inda yawancin yara suka sha, nan take mutuwa. Inda aka bar da yawa ba su sha ba, takan yi ta yawo tsakaninsu wata da watanni har ta sake yin ƙarfi. Don magance haka aka ƙara allurar shan inna a 2015, a 2021 kuma Nijeriya ta fara amfani da sabon ɗigon da aka ƙera don kada ya rikiɗe da sauƙi.

Daga 2011 zuwa yau

Gombe na cikin jihohin farko da aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar sanƙarau nau'in A a ƙarshen 2011, wadda aka ƙera a Indiya musamman don ƙasashen Sahel. Nau'in ya kusan ɓacewa. Sai nau'in C ya taso, ya kashe fiye da mutum 1,000 a 2017, galibi a Zamfara da Sakkwato, domin jiki abin da aka nuna masa kawai yake ganewa. Da ya sake ɓulla a jihohi bakwai har da Gombe daga ƙarshen 2023, Nijeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da allurar da ta haɗa nau'i biyar, a Maris 2024. Mashaƙo ma, da aka ɗauka ya zama tarihi, ya dawo daga ƙarshen 2022, Kano ce cibiyarsa, yawancin waɗanda ya kama kuma ba a yi musu allurar jarirai ba.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha take faɗaɗa, rikicin Borno da Yobe ya ƙaro mata jama'a. A unguwanni irin Hammadu Kafi, da wuya a ƙi zuwan farko na rigakafin jarirai. Inda ake yankewa shi ne na uku da na huɗu, idan uwa ta tafi wankan gida, ko kati ya ɓace, ko maigida ya ce ya isa haka. Jadawalin kuwa ba da ka aka tsara shi ba. Ana yin ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon farko da haihuwa. Ana komawa a mako 6 da 10 da 14, saboda jikin jariri ba ya riƙe darasi sai an maimaita. Ta ƙyanda sai wata 9, domin kafin nan sinadaran kariyar da uwa ta ba shi ta mabiyiya na iya kashe maganin kafin ya yi aiki, a ƙara ta biyu a wata 15 don waɗanda ta farko ba ta kama ba. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar, cike yake da irin waɗannan sinadarai masu rufe hanjin jariri.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda talaka ya yi tambaya a kansa a 2003, ya fi sauran wuyar sha'ani, don ƙwayarsa na sauya kama daga hanta zuwa jini, ko wanda ya yi shi sau goma bai gama da shi ba. A Disambar 2024 aka fara allurarsa a Kebbi da Bayelsa, sau huɗu, a wata 5 da 6 da 7 da 15. Tana rage ciwon ne, ba ta hana shi ɗungurungum, don haka ana yin ta ne tare da gidan sauro da maganin da ake raba wa yara da damina.